Taku Saba'in ko Tis'in

A daminar shekarar da aka sauya takardun naira, watanni kaɗan kafin sauyin, ruwa ya zo mana daga kudu. Mun riga mun ji labarin abin da ya yi wa ƙauyukan Ringim, amma namu bai zo da gudu ba. Kullum da safe sai mu tarar ya ƙara cin wani abu: yau gindin ɗorawa, gobe rijiyar makiyaya.

Garinmu layin dogo ne ya haife shi. Kafin a shimfiɗa ƙarfen da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru, 'yan gidaje ne kawai a kan jigawa da wata tsamiya. Da aka kafa tasha sai ma'aunin gyaɗa ya zo, leburori suka zo, aka gina musu ɗakuna a kudancin layin, inda ƙasa ta yi kwari. Nan ce Unguwar Tasha. Mu 'yan asalin wurin muna arewa, gonakinmu a bayanmu. Tsakaninmu da su akwai tudun da aka ɗora ƙarfen a kai, ya fi tsayin mutum. Jirgi ya daɗe da daina tsayawa, gyaɗar ta tafi, amma tudun yana nan, kuma shi ya tare ruwan ya hana shi wucewa.

A ƙarƙashin tudun akwai kwalbati. Mutum biyu ne kawai a raye suka san da shi: ni da tsohon heluma, wato shugaban leburorin layi na da, wanda muke kira Baba Heluma. Tun ina saurayi mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya toshe bakin kwalbatin da duwatsu da jar ƙasa, domin duk damina ruwan da ke bi ta ciki yana kwanciya a gonarsa. Baba Heluma ya gani a zagayensa na duba layi. Da ya kai rahoto, da an ɗaure mahaifina. Bai kai ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ranar da ruwa ya nufo Unguwar Tasha, a buɗe. Mahaifina ya rubuta wurin da ajami a gefen wani littafinsa na fiƙihu, ya damƙa mini shi da wasiyya. Shekaru suka wuce, ciyawa da ƙasa suka rufe wurin har babu alama.

Gonar kuwa ta zama tawa, kuma a shekarar geron cikinta ya yi kai irin wanda ban taɓa gani ba. Shi ne abincin gidana.

Ranar Laraba da hantsi ruwa ya taɓa katangar masallacin Unguwar Tasha. Katangun laka suka fara jiƙa daga ƙasa, suna yin duhu a hankali. Babu mai ɗaga murya. Mata suna fito da tukwane suna jerawa a kan ƙarfen jirgi. Baba Heluma ya aiko a ce mini lokaci ya yi.

Na ɗauko littafin. Gara ta taɓa shafin. Rubutun ya ce daga tsamiya a nufi gabas taku kaza, amma ɗigon kalmar ya tafi. Wanda ya san ajami ya san saba'in da tis'in haƙora huɗu ne kowannensu a farko, ɗigo ne ke raba su: ɗaya a ƙasa, ko biyu a sama. Na karanta saba'in. Na auna taku saba'in, maza suka sa fartanya da diga har azahar, ba su tarar da komai ba sai ƙasar tudu.

Zan faɗi gaskiya, domin Wanda zan tsaya a gabansa Ya riga Ya sani. Tun dukan diga na farko zuciyata ta raya mini ɗaya karatun. Na yi shiru. Ina kallon gerona daga kan tudun ina cewa a raina ai na cika wasiyya, na nuna abin da na gani a rubuce.

Bayan salla aka turo Baba Heluma a baro, domin ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Ya dubi ramin, ya tambayi taku nawa na auna. Na faɗa masa, na ce gara ce ta ci ɗigon. Ya ce shi bai iya karatu ba, balle ya yi musu da gara.

"Amma ɗan Malam," in ji shi, "na riƙe abu ɗaya. Ranar da babanka ya auna, ya faɗi wata kalma da ban gane ba, har na ce ya yi mini Hausa. Ya yi dariya ya ce casa'in ke nan. Saba'in kam ko ni na san ta."

Bai ƙara ba, bai kuma kalle ni a gaban mutane ba. Na karɓi diga daga hannun wani, na ƙara taku ashirin da ƙafata. Kafin la'asar ƙarfe ya bugi dutse. Da aka zare dutse na uku sai muka ji wani gurnani a ƙarƙashin ƙafafunmu, tudun yana rawa kaɗan. Ruwan ya fito ta arewa, ja, ya miƙe kai tsaye cikin gonata kamar ya tuna hanya.

Gidaje biyu sun faɗi a Unguwar Tasha kafin ruwan ya sauka. Da na yi magana da hantsi, wataƙila da ba su faɗi ba. Na Baba Heluma ya tsaya. Geron bai tashi ba.

Bayan kwana uku na je gaishe shi. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi jinkiri."

Ya ce ya sani. Ya daɗe yana kallon layin jiƙar da ruwa ya bari a bangon ɗakinsa, sannan ya ce, "Tsakanina da babanka babu sauran komai. Ka je kabarinsa ka yi masa addu'a. Masu gidaje biyun nan kuwa, su za ka nema, ba ni ba."

Na tashi na nufi gidan farko.