Gona Bakwai ko Miji Bakwai

Shekara ashirin da biyu ke nan rumfata na jingine da ta Labake a kasuwar Oje da ke Ibadan, ni da zare da duwatsun ado, ita da saƙi na biki, kuma har yau ban ga mai mantuwa irinta ba. Takan rubuta abu a tafin hannu, ta je ta wanke hannun don cin amala. Sau biyu tana baro tukunya a wuta ta taho kasuwa. In na yi magana ta ce, "Ke dai sa ido ne sana'arki, zaren nan fakewa ce."

Bana aka sa ranar auren 'yarta Morayo, saura wata biyu. A gidansu ba a fitar da amarya sai wata mace daga dangi ta tsaya ta yi mata oriki, kirarin kakanni tun daga tushe. Wadda ta san shi duka mutum ɗaya ce, Mami, mahaifiyar Labake, ita kuwa tsufa ya fara kwashe mata tunani. In ka ce ta yi, sai ta zuba maka ido. Amma tana cikin tsince ganyen miya sai baiti ɗaya ya faɗo daga bakinta, kafin ka juyo ya wuce. An gwada kara mata waya don ɗaukar murya, ta tsuke baki ta ce ita ba rediyo ba ce.

Labake ta sa manhajar rubutu a wayarta don ta riƙa rubuta baitocin da zarar sun faɗo. Ranar farko ta iso rumfa tana huci.

"Iya Zare, kin ga shegiyar nan? Mami ta saki baiti, na buɗe, wai in ba shi suna. Na ba shi, wai a wace jaka zan sa. Kafin in gama amsa mata tambayoyi kamar a gaban alƙali, baitin ya tafi!"

"To ki koma tafin hannu mana," na ce.

"Allah ya isa tsakanina da bakinki."

Kwana uku ta yi tana tonon cikin manhajar nan, tabarau a kan hanci, masu saye na tsaye ina sallamar mata su, abin da ya ƙona min rai ba kaɗan ba. A rana ta uku ta ƙwala ihu har mai gasa masara ta zubar da mafici. Ta cire tambayar suna, ta cire ta jaka, ta kafa wani babban maɓalli a fuskar wayar, taɓawa ɗaya farar takarda ta buɗe. Ta kuma raba launi: ja na Mami, kore na kasuwa, shuɗi na hidimar biki. Ta ɗora min wayar a hanci.

"Taɓa! Taɓa ki ga ikon Allah!"

Na taɓa, kuma gaskiya abin ya burge ni, ko da yake ban gaya mata ba.

Daga nan Labake ta zama mafarauciya. Ta ɗaura wayar a bakin zani, tana bin tsohuwa daga madafa zuwa bakin rijiya. Kowace safiya ta shigo tana rawa. "Biyu na kama jiya!" Kore da shuɗi ma suka cika: kira mai dafa abinci, karɓo hular ango, sauke wake. Tukunyarta ta daina ƙonewa. A mako uku ja ya kai baiti talatin da ɗaya.

Ran wata Lahadi ta gayyace ni gida in ji ta karanta wa Mami abin da ta tara. Ta durƙusa gaban tsohuwa, ta gyara murya, ta fara. Mami na lumshe ido tana gyaɗa kai, har Labake ta iso wani baiti ta rangaɗa shi da ƙarfi: "Jikar mai miji bakwai, wadda ta ƙosar da gari!"

Mami ta buɗe ido. Takalminta ya wuce ta gefen kunnen Labake.

"Uwar wa? Uwar wa ce mai miji bakwai? Gona! Gona bakwai, 'yar banza! A gaban surukai za ki mai da kakata karuwa?"

Ni dariya ta kayar da ni daga kan kujera. A Yarbanci oko gona ne, ọkọ kuma miji ne, ɗigo ne a ƙarƙashin harafi ke raba su a rubuce. Labake garin sauri ta yi ta rubutu tsirara, ba ɗigo ba alama, bayan mako uku kuma ta manta wanne Mami ta faɗa. Da dariya ta lafa sai tsoro ya shige ta, don baiti talatin da ɗaya duk haka ta rubuta su.

Washegari ta sake duƙufa. Ta nemo madannai masu ɗigo da alamun murya ta haɗa da manhajar, ta kashe mai gyaran kalmar nan da ke mayar mata da Yarbanci Turanci. Sannan ta gano dabara: ta riƙa karanta wa Mami baiti a karkace da gangan, tsohuwa ta zabura ta gyara da zagi, ita kuma ta ɗiga alama. Ta sha zagi a makonnin nan, tana karɓa da murna kamar ana ba ta goro.

Saura kwana tara biki, Mami ta yi shiru. Ta daina gyara, ta daina zagi, ta fara tambayar Labake ko 'yar wane gida ce. Labake ta yi kuka a rumfata, na ba ta bakin zanena. Baiti arba'in ta samu, ba ta kuma san ko saura nawa ba.

Ranar biki aka zaunar da Mami a kujerar gaba, an naɗa mata gwaggwaro. Morayo ta durƙusa cikin lulluɓi. Labake ta tsaya da waya a hannu, ta fara. Kafin baiti na biyar makaɗa suka ɗauka, 'yan uwa mata suka miƙe suna guɗa, amarya na sheshsheƙa. Ni da ba kakata ake kira ba sai da tsigar jikina ta tashi. Leɓen Mami na motsi tare da ita, baiti bayan baiti, har na arba'in. Da Labake ta tsaya, leɓen ma ya tsaya. Ashe babu saura.

Mami ta yafito ta da hannu. Labake ta durƙusa, tsohuwa ta kama haɓarta tana duban fuskarta.

"Yarinya, wa ya koya miki kirarin gidanmu?"

"Ke ce, Mami."

"A'a, ni ban san ki ba," in ji tsohuwa, tana share mata hawaye da babban yatsa. "Amma in kin koma gida ki gaishe min da uwarki. Ki ce mata ta yi aiki."