Tsutsar Anzar Kakata

Har yau in na ji warin maganin feshi, ko da wani ne ya gifta da jarka a tashar Bodinga, sai gabana ya faɗi. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, wani tsohon laifi ne nake so in sauke a gabanka.

A ƙauyenmu, can wajen Shagari, akwai anza guda uku a gefen gonar albasar babanmu. In ba ka san anza ba, idonka bai yi asarar komai ba: gajeren icce ne mai kaurin ganye, 'ya'yansa ɗaci kamar me. Amma kakata, wadda ta haifi babanmu, ba ta yarda a kusance su da gatari ba. A wata shekarar yunwa, tun babanmu yana goye, 'ya'yan anzar nan ta riƙa jiƙawa kwana da kwanaki, tana sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan ta dafa wa gida. Tun daga nan take yi musu kallon maƙwabtan arziki.

Duk ƙarshen damina tsutsa kan sauka a kansu ta cinye ganyen tas. Bayan 'yan makonni sai malam-buɗe-littafi farare, masu baƙin zane a fiffike, su cika wurin. Sukan taru a lakar bakin rijiya, in ka jefa guga su tashi gaba ɗaya har su taɓa maka fuska. Kakata takan kife turmi ta zauna tana kallonsu, goro a kunci. Ni kuwa ban taɓa sanin tsutsar nan ce take zama su ba.

Shekarar da babanmu ya sayo famfon feshi ina da shekara goma sha biyu, ina ji da kaina ƙwarai. Na ga tsutsa tana cin iccen kakata, na ce yau zan yi abin yabo. Da hantsi na goya famfon da ragowar maganin albasa, na yi wa anza ukun nan wanka har suna ɗiga. Tsutsa ta yi ta zubowa kamar ana karkaɗe tabarma. Na ruga na kirawo kakata, ina ta lissafin tukwici.

Ta dubi tsutsar da ke zube a ƙasa, sannan ta ɗago.

"Wa yac ce ka yi wanga aiki?"

"Kaka, cinye miki icce sukai."

"Mun ci, sun ci, shekara nawa, wa kaj ji ya kai ƙara? Ganye na, tohowa yakai. Su hwa, in sun ƙare, tohowa sukai?"

Ba ta doke ni ba, kuma da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. A shekarar nan ta kife turminta a bakin rijiya, ta zauna, ko malam-buɗe-littafi ɗaya bai zo ba. Da rani ta rasu. Yanzu na san ba ni kaɗai ba ne: kowane gida ya sayi famfo, aka sare anza don makamashi da faɗaɗa gona. Amma zuciya ba ta jin wannan bayani. A wurina ni na kashe su, kuma tsohuwar ta tafi ba ta sake ganinsu ba.

Yau ɗinki nake yi a Bodinga, ƙanena ke noma gonar. Anza ɗaya ta rage. Na roƙe shi kada ya sare ta, kada kuma feshi ya je kusa da ita, har 'yan ƙauye suka laƙaba mini mai gadin anza. Shekara da shekaru nakan je in tarar da ganyenta lafiya lau, ko huda ɗaya babu, in dawo raina a ɓace.

Bara, ƙarshen damina, ina kan keken ɗinki sai ga wayar ƙanena.

"Yaya, tsutsa ta hau anzarka! Ga ni da famfo ga baya, ko in..."

Sai layi ya yanke. Na kira, wayar a kashe. Na bar rigar mutane a ƙarƙashin allura, na haye babur. Ban san yadda na wuce ramukan hanyar nan ba, addu'a kawai nake yi.

Na same shi a inuwa yana cin gyaɗa, famfon a jingine, cike.

"Caji yaƙ ƙare," in ji shi. "Nac ce bari in jira ka, kar ka cinye ni ɗanye."

Ban yarda ba sai da na shinshina ganyen. Babu wari. Ga tsutsotsin nan kuwa, suna ta ci abinsu. Na zauna a ƙasa ina hamdala, ƙanena yana yi mini dariya, wai bai taɓa ganin wanda ya yi murna da ɓarna ba.

Bayan mako uku na koma. Rijiyar ta zama famfon burtsatse, an dafe kewayenta da siminti, babu laka. Sai na zuba bokiti biyu a ƙasa kusa da anzar, na aro turmi na kife, na zauna. Malam-buɗe-littafin suka zo. Ba su kai na da ba, mutum zai iya ƙirga su. Ɗaya ya sauka a kan babban yatsan ƙafata, yana buɗewa yana rufewa, na ƙi motsi har ƙafar ta yi sanyi.

Na ce a hankali, "Kaka, ga su nan. Sun toho."