Kantar Hannun Guduma

Guduma ake ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Shekara ashirin da ɗaya yana fasa dutse a rami guda, tun ramin bai kai tsayin mutum ba har ya zama sai da tsani ake sauka. Ubansa ma a nan ya ƙare, da tari da jini a baki. Abu biyu ya gada daga tsohon, ƙotar guduma da saurin hannu. Uban ba ya maimaita magana. Daga kira ɗaya sai mari, sai ƙafa, in uwar ta shiga tsakani ita ma ta samu rabonta. Maƙwabta suna ji ta bayan katanga, suna ƙara wa rediyonsu murya. Su ne kuma daga baya suka fi kowa cewa yaron ya tashi dabba, kamar ba a gaban idonsu aka ƙera shi ba.

Ya yi faɗa, babu mai ɓoye wannan. A ramin akwai wani mai lodin tipa da ake kira Wawulo, kuma Guduma ne ya ba shi sunan. Shekara takwas da suka wuce Wawulo ya zagi uwarsa, shi kuwa ya kai masa naushi ɗaya, haƙora huɗu suka zube a cikin tsakuwa. Tun daga ranar ba su ƙara gaisawa ba.

Aure ya zo masa a makare. Wata tela ce mai yi masa facin wando, siririya, ba ta da tsoro ko na sisi. Tun kafin ta amince ta nuna masa almakashinta ta ce, "Ranar da ka ɗaga min hannun nan, da wannan zan raba ka da shi." Ya yi dariya har da tari. Bai taɓa ɗagawa ba. Shekara biyar suna zaune shiru, sannan ta haifi mace, 'yar mitsitsiya, wadda in an ɗora ta a sikelin ramin allura ba za ta motsa ba. Ya dube ta a asibiti ya ce, "Wannan ai tsakuwa ce." Sunan ya bi ta.

Surukarsa ta tare a ɗakinsu don ta kula da mai jego. Tsohuwa ce mai ƙarfi, mai baki, wadda tun farko ba ta so auren ba kuma ba ta gaji da faɗa ba.

Ran kwana tara abin ya faru. Ya dawo daga aiki, ya wanke hannu sau uku da sabulu, ya durƙusa bakin gado. Tsakuwa tana barci, bakinta na motsi kamar mai tsotso. Ya kai babban yatsa ya shafa kumatunta. Amma tafin hannun mai fasa dutse ba fata ba ne. Kanta ce kan kanta, ta tsattsage, bakin kowace tsaga kamar gwangwanin da aka yanka. Jaririyar ta ƙwalla ƙara. Wani siririn jan layi ya fito daga kumatu zuwa kunne, jini ya taru ɗigo-ɗigo.

Butar ƙarfe ce a hannun tsohuwar, da ita ta rafka masa a ƙeya.

"Tashi daga nan. Tashi, mugun iri. Manya ba su ishe ka ba sai ka fara da wadda ko cibiyarta ba ta warke ba?"

"Inna, wallahi shafa ta na yi."

"Haka ubanka yake shafa uwarka. Ka saurare ni da kyau. Hannun nan ba zai sake taɓa ta ba. Kuma duk ranar da ka shigo min ɗakin nan da jini a jikinka, naka ne ko na wani, zan kwashe 'yata da jikata, ka zauna ka rungumi gudumarka."

Matarsa tana kwance da ɗinkin asibiti a ciki, ko zama ba ta iya yi sosai. Ta ce, "Inna, ya isa." Babu wanda ya ji ta.

Mako uku ya yi yana uba daga nesa. Shi ke wanke nafkin kafin ya fita, ko da yake guda biyu sun yage a hannunsa wajen matsewa. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke hura gawayi. In tsohuwar ta shiga banɗaki sai ya ɗaure hannuwansa a baya kamar fursuna, ya sunkuya ya shaƙi ƙamshin kan yarinyar. Ya gano cewa in ya yi gurnani can ƙasan maƙogwaro, irin na injin tipa a kan tudu, takan daina kuka ta zuba masa ido. Ƙato guda, yana tsaye a tsakar ɗaki yana kukan mota. Matarsa tana dariya tana riƙe ciki tana cewa, "Baban Tsakuwa, don Allah bari, ɗinkina zai ɓalle." Ranar da yarinyar ta yi gyatsa mai ƙarfi ya ba mutum uku labari a ramin. Amma layin kumatun ya bushe ya zama ɓawo, kuma duk shigowarsa nan idonsa ke fara sauka.

Ranar hutunsa ya dafa ruwa, ya zuba gishiri, ya zauna a bayan ɗaki ya tsoma hannuwansa har kantar ta yi fari ta kumbura. Sannan ya ɓare sabuwar reza. Ya dinga feƙe ta kamar mai feraye rogo, yanki-yanki tana zuba a ƙasa, kantar shekara ashirin da ɗaya. Inda ya zarce jini ya fito, ya tsotse ya ci gaba. Ya bi da dutsen goge kaushi, ya lafta basilin. Matarsa ta leƙo ta taga ta ga abin da ya rage, jan nama mai sheƙi.

"Ka haukace? Da me za ka riƙe ƙota gobe?"

"Taɓa ki ji. Kamar na malamin makaranta."

Ya kai wa surukar hannuwan, ya shimfiɗa mata su kamar ɗalibi. Ta dube su a wulaƙance ta ce, "Ɗanyen nama za ka ɗora wa jaririya? Sai ya bushe mu gani."

Duk wanda ya san aikin ya san kanta ita ce takalmin hannu. Shi ma ya sani, ya fi kowa sani. Washegari kafin rana ta take, tafukansa sun yi bororo, bororon ya fashe, fatar ta naɗe a jikin ƙota. Ya yaga gefen rigarsa ya ɗaure, tsumman ya jiƙe. Foman, shugaban ma'aikatan ramin, yana zaune a inuwa yana ganin jini na bin ƙotar har gwiwar hannu, bai ce masa je ka huta ba. Abin da ya ce shi ne tipa tana jira.

Ya ɗaga gudumar, kilo takwas, ya kawo ta da dukkan ƙarfinsa, sai ta suɓuce. Ta tashi sama tana juyi, ta wuce kan mutum biyu, ta shafi gefen kan Wawulo ta yage masa kunne, ta daki ƙofar tipa. Da ta matsa da faɗin yatsa biyu, da gawa aka ɗauka.

Wawulo ya taɓa kunnensa ya dubi hannunsa. "Haƙorana ba su ishe ka ba, yau kaina kake so."

"Suɓucewa ta yi. Dubi hannuna."

"Zan duba shi."

Da shebur ya fara, da faɗinsa, a fuska. 'Yan'uwansa biyu masu lodi suka diro daga motar. Guduma ya faɗi a kan tsakuwa, ya cusa hannuwansa a hammata, ya dunƙule. Suka yi ta ƙwallo da shi da takalman roba masu ƙarfe a baki. Ya ji haƙarƙarinsa ya ce ƙas. Leɓensa ya tsage, ƙasa ta cika masa baki. Mutum sun fi talatin a ramin nan, maza masu gemu, masu 'ya'ya, suka jingina da shebur suna kallo. Wasu jira suke ya tashi su ga yadda zai kashe mutum, don su samu na faɗa a gida.

Sai Wawulo ya fizgo hannunsa na dama, ya shimfiɗa shi a kan dutse, ya taka tafin da dunduniya ya murza.

"An ce don 'yar jaririya ka feƙe shi. Bari in taya ka."

Nan Guduma ya tashi. Babu wanda ya ga yadda aka yi, sai ganin 'yan'uwan aka yi warwas, Wawulo kuma a ƙasa, gwiwar Guduma a ƙirjinsa, hannun hagu a maƙogwaronsa. Idanun Wawulo suka firfito, ƙafafunsa na shure-shure. Hannun dama ya dunƙule ya tashi sama. Ya san inda zai sauke shi, ya san ƙarar da ƙashin zai yi. Jininsa na ɗiga a fuskar mutumin, wani ɗigo ya gangara daga kumatu zuwa kunne, siririn layi. Ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe, ya hau tsani da gwiwar hannu, ya bar gudumarsa a inda ta faɗi.

Da la'asar ya iso gida. Tsohuwar ta dube shi sau ɗaya, daga tsagaggen leɓe zuwa rigar da ta rine. Ta jawo jaka daga ƙarƙashin gado ta fara cusa kayan jaririya. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa. Bai iya kare kansa da baki ba, ba a taɓa koya masa ba.

Matarsa ta sauko daga gado tana dafa bango. Ta kama wuyan hannuwansa ta juya su, ta daɗe tana dubawa.

"Inna, ajiye jakar nan ki zo ki gani."

"Na gani. Jini ne."

"Bayan hannun za ki duba. Ni na san hannun mutumin nan in ya doki wani, nan gaɓoɓin ke fashewa, sau nawa na gani kafin in aure shi. Ga su nan lafiya lau, ko ɗaya ba ta fashe ba. Yanzu dubi fuskarsa. Dukansa aka yi, ya tsaya aka dake shi, shi da ko mutum uku ba sa iya kayar da shi. Ki tafi in kina so, Inna. Ni da 'yata muna nan."

Tsohuwar ta zo ta duba da kanta, ta juya hannun gaba da baya kamar mai sayen kifi. Ta ja tsaki.

"Wawa. Wa ya ce maka da reza ake zama uba? Zauna."

Ta wanke tafukan da ruwan zafi, ta zuba aidin ba tausayi, ya cije haƙora har gumi ya keto masa. Ta naɗe su da bandeji, ta bar yatsun a waje. Tana ɗaurewa tana faɗa, wai kantar za ta dawo nan da wata biyu, ta fi ta da kauri, in ya sake taɓa reza ita za ta fasa masa kai.

Matarsa ta ɗauko Tsakuwa ta kwantar masa a kan damatsansa, kan yarinyar a lanƙwasar gwiwar hannu. Nauyinta bai kai na ƙaramar guduma ba, amma haƙarƙarin da ya karye ya amsa, numfashinsa ya sarƙe. Bai ce a ɗauke ta ba.

"Da bayan yatsu," in ji matarsa. "Can babu kaushi."

Ya juya hannun, ya kai bayan yatsunsa a hankali ya shafa kumatun, daidai inda ɓawon ya faɗi ya bar ɗan farin tabo. Yarinyar ta juyo da baki tana neman abin tsotso, ta kama gaɓar yatsansa ta tsakiya, wadda ta zubar da haƙoran Wawulo, ta hau tsotsa da gaske. Can sai ya ji ɗumi yana bin cinyarsa.

"Ta jiƙa ka," in ji tsohuwar. "Miƙo ta a canza mata."

"Bar ta tukuna, Inna," ya ce.