Baba Zarami, Alƙalin Harsuna Biyu a Tsakiyar Kogi

Bari in fara da tona wa kaina asiri: a Haɗeja aka yanke mini cibiya, furfura ta fara cin gemuna, amma har yau ban iya ruwa ba. Aikin malamin gona na En'e kuwa ba ya yiwuwa sai da tsallake kogi. Don haka ba wanda ya kai ni sanin darajar mai fito, kuma ni ya kamata in yi wa Baba Zarami jinjina, yanzu da kafaɗunsa suka gaji ya ajiye gorar tuƙi.

Da an idar da sallar asuba yake gangarawa bakin ruwa. Ya kwashe ruwan da ya kwana a kwalekwale, ya bi katakon da tafin hannu, inda ya ji tsaga ya cusa tsumma. Sannan ya tsaya yana duban masu son fito kamar mai taya saniya. Ya auna nauyin kowa da ido, ya nuna masa wurin zama da leɓe: buhu a tsakiya, mai tukwane a baya, ni kuwa a gindin ƙafarsa, don ya san halina. Dokarsa ɗaya ce, ba a miƙewa sai an taɓa gaɓa. Tun kafin yaƙin Jamus yake wannan aiki, kogi bai taɓa karɓar ko akuya daga hannunsa ba.

Jarrabawarsa ita ce wasu dattawa biyu da ke tsallakawa duk ranar kasuwar Kafin Hausa. Alhaji Shu'ibu, mai sayar da turare, ya je Makka a ƙasa, ya zauna shekaru maƙwabcin wasu masu gasa gurasa, mutanen birnin Kashgar can gabas mai nisa, waɗanda ake ce wa Uigur. Kofur Gambo kuwa a yaƙin Boma ya yi kiwon alfadarai tare da wani mutumin ƙasar Lawo, maƙwabciyar Boma. Kowanne ya dawo da guzurin harshe ɗan kaɗan, kowanne ya rantse nasa ne sarkin harsuna.

Alhaji yakan ce harshen Uigur harshen dattawa ne. Da baƙaƙen Larabci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu, kalma ɗaya ta yi ta ɗaura wutsiya bisa wutsiya har ta yi tsawon ayarin raƙuma, kuma kamar Barebari, sai a ƙarshen magana suke faɗin abin da aka aikata. Kofur yakan ce wannan ɓata lokaci ne. Mutanen Lawo kalmarsu guntuwa ce kamar tari, ka ɗaga murya ta zama wani abu, ka sauke ta zama wani, rubutunsu kuma ƙawanya-ƙawanya ne a kan ganyen da ya yi kama da na giginya. Alhaji ya ce wannan ba rubutu ba ne, sawun tana ne. Kofur ya tambaye shi ko ban da gurasa da shayi akwai abin da ya iya faɗi. Ni ma nakan sa baki, ina goyon bayan wanda ya fi kusa da ni, alhali ban san ko gaisuwa ba a cikinsu.

Da gardama ta yi zafi sai dukansu su juya ga Baba Zarami. Shi kuwa ba ya katse kowa. Ya dubi wannan ya gyaɗa kai, ya dubi wancan ya gyaɗa kai, yana ta tuƙi da gora, sai can ya ba ɗaya gaskiya. Wani makon ya ba ɗayan.

Shekarar da ruwa ya cinye gonakin Miga, ina cikin jirgin. Mun kai tsakiya, inda gora ba ta taɓa ƙasa sai filafili, sai Kofur ya ce bari ya nuna mana yadda muryar Lawo ke hawa. Murya na hawa, shi ma yana hawa, har ya miƙe ƙiƙam. Alhaji ya ga an fi shi tsawo, ya zabura zai gwada tsawon kalmar Uigur da hannuwa biyu, babbar riga ta buɗe kamar tanti. Jirgi ya karkata, ruwa ya kwararo ciki, buhun irin shinkafa ya fara zamewa. Mai tukwane ta kama salati. Abin da ni na yi ba na rubutawa ba ne.

Baba Zarami bai daka tsawa ba. Ya danne ɗaya gefen da gwiwa, ya taɓa kafaɗar Kofur da filafili.

"Kofur, gaskiyarka. Zauna."

Kofur ya zauna yana washe baki. Kafin Alhaji ya buɗe nasa bakin, Baba Zarami ya danƙa masa ƙwaryar kwasar ruwa.

"Allah gafarta Malam, taka maganar babba ce, sai mun tsallake. Taimaka mana da wannan."

Alhaji ya durƙusa yana kwasa, yana ƙirga kowace ƙwarya da harshen Uigur don Kofur ya ji haushi. Da ya kai goma sai ya koma ɗaya, don iyakar iliminsa ke nan. Haka muka isa gaɓa, ba a rasa ko murfin tukunya ba.

Baba Zarami, kai ne gadar da ba Bature ya gina ba. Kai ne ka tsallakar da amare da gawa, da mai haraji da wanda ke gudun mai haraji, ba ka tambayi kowa dalilinsa ba. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba kafaɗun nan sauƙi. Ina kira ga masu shari'a, da masu unguwa, da mu malaman ofis masu katse talaka tun bai gama gaisuwa ba, mu koyi sauraro irin na wannan bawan Allah.

Shekaranjiya na je gidansa in karanta masa wannan, in kuma roƙe shi ya faɗa mini tsakaninsa da Allah wane harshe ya fi. Na karanta tun daga farko, yana gyaɗa kai yadda ya saba. Matarsa, 'Yar'azumi, tana gefe tana gyaran bandar kifi, ta bar ni sai da na gama.

"Malam, ai da ka huta. Duk wanda ya ga yana shirin miƙewa, shi yake ba gaskiya. Kowa a bakin kogi ya sani, ku ukun ne ba ku taɓa yin shiru kun lura ba."

Baba Zarami ba ya ji. Sanƙarau ya tafi da kunnuwansa tun kafin Kofur ya shiga soja.