Zuwa Fakku Neman Izinin Baffa

Ana sallame asuba muka bar Sakkwato, ni da wani abokin karatuna, a motar haya. An ba ni gurbin bincike a ƙasar waje, kuma kafin azahar ta ranar ake son amsata. Tun rasuwar mahaifina, wansa Baffa ne mai ce mini je ko zauna, irin wannan magana kuwa ba a yi masa ita a waya.

A Tambuwal direba ya tsaya shan koko da ƙosai kamar wanda ya zo biki. Daga Kebbe muka hau mashin. Damina ta cinye hanyar Fakku, kuɗin ma sun ninka, ban ko taya ba. Sau biyu muna sauka mu tura.

A gona muka iske Baffa. Gaisuwa kawai ta ci rabin awa, ina ta satar kallon agogo. Sai da muka sha fura ya ce, "To, mi kaka bincike?"

Na ce a tsakiyar wasu gungun taurari masu nisa akwai baƙin rami mai haɗiye iskar da ke kewaye da shi. Ba a ganinsa. Hasken wurin muke rarrabawa kala-kala, mu nemi alamar iskar da ta yi zafi kafin ta faɗa ciki. Nawa ramukan ba su ci da yawa, haskensu dishi-dishi ne.

"Ƙwaro cikin rumbu ke nan," in ji shi. "Garinai kaka gani. To in garin kaɗan na, ƙaƙa kaka sanin ba ɓera ba na?"

Nan ne daidai aikina ya cije shekara biyu, domin tsofaffin taurari ma suna ba da irin wannan alama. Na ce ban sani ba tukuna.

Sai Baffa ya ce, "Da ka ce ka sani, da ban bar ka ba. Tai ka gano."

A kan wani tudu muka samu sabis na waya, na tura amsa ana shirin kiran sallar azahar.

Bayan isha'i muka iso gida, laka har gwiwa. A tafiyar nan na koyi faɗin "ban sani ba" a gaban manya, abin da na daɗe ina jin kunyarsa. Izini dai na samu, amma har yanzu Baffa yana jiran amsar tambayarsa.