Anti Rekiya, Wadda Ta Koya Min Riƙe Bakina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran Malama Rekiya Isiyaku a wani asibiti a nan Riyad, bayan jinyar kwana tara. Washegari bayan La'asar aka yi mata sallah, aka kai ta makwancinta. Shekara goma sha shida ta yi tana aikin murshida, wato mai sauraron ɗalibai da ba su shawara, a ɓangaren 'yan mata na makarantarmu da ke Gubaira. Ni Jamilatu a hannunta na koyi aikin nan.

Anti Rekiya, kin tuna zuwana? Na biyo mijina daga Zariya da digirina sabo fil, ga baki kamar rediyo. Kika karanta takarduna har ƙarshe, kika ce, "Masha Allah, sun yi kyau. To mayar da su jaka, ki yi min sati biyu ba ki ce uffan ba." Wallahi na ji haushi. Na koma gida ina ta mita, wai ni da ilimina za a mayar kurma.

A shirun nan na ga aikin. Ba ki zama bayan tebur, gefen yarinya kike jan kujera. Kafin komai sai kin tambaye ta, "Da Larabci ko da Hausa?" domin kin san yaranmu da aka haifa a nan gaisuwa suke yi da Hausa, amma abin da ke cin ransu da Larabci yake fitowa. Ba ki taɓa kiran uban yarinya a lokacin aiki ba. Kin ce direba ko ma'aikacin masana'anta da ke gaban kafilinsa, wato ubangidan da iznin zamansa ke hannunsa, ba ya da bakin maganar 'yarsa, a bari sai bayan Magariba. Kuma kowace yarinya kina gaya mata tun farko: abin da ta faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya, sai dai in rayuwarta ce ke cikin haɗari.

Wannan na ƙarshen na ji shi, na ma rubuta shi a littafina. Ni ce kuma na fara karya shi.

Akwai wata ɗaliba, zan kira ta Muhibba. Ba sunanta ba ne, kuma sai da ita da mahaifiyarta suka yarje min na kawo labarin. Shekararta goma sha huɗu a lokacin. Ta same ni ranar da ba ki nan, ta ce ta ji iyayenta suna magana cewa kwangilar babanta a Birnin Masana'antu na Biyu ta ƙare, za a buga musu bizar fita ta ƙarshe, su koma gida. Ita kuwa ba ta taɓa ganin Najeriya ba. Ba ta iya barci, ba ta iya karatu, kuma iyayen ba su san ta ji ba. Na rarrashe ta, na ji daɗi a raina cewa yau an zaɓe ni.

Ranar Juma'ar makon aka yi walimar suna a wata istiraha, irin gidan taron da muke haya a bakin gari. Mu a nan 'yan kaɗan ne, uwar ɗalibarki ita ce za ki zauna da ita a faranti ɗaya. Ina ganin mahaifiyar Muhibba, cikin mata sun fi goma, bakin nan nawa ya ce, "Maman Muhibba, ashe tafiya za ku yi? Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ni a ganina jaje na yi. Matar ta ajiye cokali. Kafin a watse, duk wurin an ji mijinta ya rasa aiki.

Muhibba ba ta zo ranar Lahadi ba, wadda a nan ita ce farkon makon karatu, ba ta zo Litinin ba, ga jarrabawar ƙarshen shekara saura kwana goma. Da na gaya miki, na ɗauka za ki kore ni. Sai kika ce, "Sa abayarki." Muka ɗauki tasi zuwa unguwarsu Manfuha, muka hau bene hawa uku, ke da ciwon gwiwarki kina hutawa a kowane hawa. A bakin ƙofa kika ce, "Uwar za ki fara ba haƙuri, amma yarinyar muka zo wa. Kuma kar in ji kin ce 'ai ban yi nufi ba'."

Kai, ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba. Ni da ɗana a gida, na durƙusa gaban 'yar shekara goma sha huɗu na ce, "Kin ba ni amana na ci. Ki yafe min." Ba ta ko dube ni ba. Ke kika zauna da uwar kusan awa guda, har ta yarda cewa ɓoye wa yarinya abin da ta riga ta ji ya fi faɗa mata ciwo. Muhibba ta dawo ta rubuta jarrabawarta. Daga baya babanta ya samu wani kafili, suka zauna.

Amma ni ba ta dawo min ba. Shekara biyu cur, gaisuwa kawai. In ta leƙo ta ga ni kaɗai ce, sai ta ce, "Ba komai," ta juya. Na kawo miki ƙorafi, na ce ai na ba ta haƙuri, me kuma take so? Kika yi dariyar nan taki, kika ce, "Jamilatu sarkin gaggawa! Ke kika fasa, ita za ta zaɓi ranar ɗinki. Ki dai ci gaba da amsa gaisuwarta da fara'a." Ba ki taɓa kai maganar gaban shugabar makaranta don a wulaƙanta ni ba, ba ki kuma taɓa yi kamar ba ta faru ba.

Sahadatou, ke da kika fara koyon aiki wajenmu bana, wata uku kawai kika samu da Anti Rekiya, na tausaya miki. Ke da duk wanda zai shigo aikin nan, ga abin da zan iya miƙa muku. Ranar da yaro ya zaɓe ki ya faɗa miki sirrinsa, kada ki yi murna, ki ji tsoro. Za ki haɗu da uwarsa a wajen suna, a Baɗaha wajen sayayya, a masallaci da azumi, kuma fuskarki ma kada ta nuna kin san wani abu. In kin yi kuskure, ki je da ƙafarki, kada ki aika saƙon waya.

Anti, ga labarin da na so in ba ki. Ranar Lahadin da ta biyo bayan rasuwarki ina zaune a ofis, na kasa taɓa komai, sai ga Muhibba. Ta leƙo ta ga ni kaɗai. Na jira ta ce "ba komai". Sai ta shigo, ta tura ƙofa, ta zauna.

"Anti Jamilatu," ta ce, "akwai maganar da na fara da Anti Rekiya ba mu gama ba. Za ki iya riƙewa?"

Na ce, "Zan iya."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta fara. Abin da ta faɗa ko mijina bai ji ba, kuma ba wanda zai ji. Ina kewarki ƙwarai, Anti, na so a ce kin ga ranar nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Injiniya Zainulabideen, da 'ya'yanta Usaid da Ruqayyah, da danginta a gida Najeriya, da 'yan matan da suka yi ta kuka a farfajiyar makaranta. Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Ya Allah, baiwarka Rekiya ta rufa asirin 'ya'yan mutane shekara goma sha shida, ka rufa nata asirin ranar tonon asiri. Ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.