Fuskata a Ramin Benci

Har yau in na tuna ranar da aka ce tantanin bayan idona na hagu ya saɓule, sai na kai hannu na shafa idon. Ina kan keke a shagon da nake koyon ɗinki a unguwar Tunga a Minna na fara ganin baƙaƙen ɗige-ɗige kamar ƙudaje, na yi ta kora da hannu har uwar ɗakina ta tambaye ni ko mutanen ɓoye nake gaisarwa. Bayan 'yan kwanaki wani duhu ya taso daga gefe kamar ana jan labule. A asibiti aka ce mu kama hanyar Kaduna, kada mu tsaya shawara.

Likitan can da ledar tsakar ɗaki ya yi mana misali. Ya ce in ruwa ya shiga ƙarƙashin leda ta taso, sai an zuƙe ruwan, a shimfiɗe ta, a danne har ta kama. Haka suka yi wa idona. Da yake ba a ɗora dutse a cikin ido, sai suka zuba wata iska ta danne wurin. Ita kuwa iska sama take tashi, tantanin kuma a baya yake, don haka dole ƙeyata ta kalli sama, fuskata ta kalli ƙasa.

"'Yan mata, kina jina? Rub da ciki za ki yi ta zama sai na ce ya isa. Ki ɗan ɗago in za a ɗiga magani ko za ki ci abinci. Amma rigingine, ko da wasa. In ledar nan ta sake tashi, ban yi miki alkawarin komai ba."

Wannan "ban yi miki alkawari ba" ita na ƙulle a bakin zani na taho da ita Minna, kaina a kife a kan cinyar Mama, kowane rami motar ta faɗa sai na yi salati a madadin idon.

A gida Baba ya kira kafintan layinmu ya huda dogon bencin tsakar gida, rami daidai fuska, Mama ta naɗa tsohon ɗankwali kamar gammo ta zagaye bakinsa. Nan na tare. Duniyata ta koma faɗin faranti na siminti, da tururuwar da ke wucewa, da ƙafafun masu dubiya.

Ashe ƙafa ma tana da hali. Akwai ta maƙwabciyarmu malamar asibiti 'yar kudancin Kaduna, mai farin takalmi, ita ce mai ɗiga mini magani, kuma ba ta zama. Akwai ta ƙawayena masu lalle, da ke karkata wajen ƙofa tun kafin su gama sannu. Akwai faso iri-iri. Kowa kuma ya zo kalma ɗaya ce a bakinsa: "Ɗago mu gani." Wai dubiya ba ta cika ba in ba a ga wurin ciwo an ja tsaki an ce wayyo ba. Mama ce ke tare mini su. Wani dattijo abokin Baba ma cewa ya yi bai taɓa ganin yarinya mai kunya irina ba, ya yi ta sa mini albarka, ni ko a raina na ce Baba, da ka san bakina da ba ka yi asarar albarkarka ba.

Wata safiya bayan Baba ya fita aiki, sai na ga ƙafafu biyu ba takalmi, jajaye da ƙasar gona, sun tsaya dab da benci. Doya ta faɗi tim a gefe. Gabana ya faɗi tare da ita.

Gwaggo ce, yayar Baba, daga Garatu. Ita ta goya shi, don haka a gidanmu maganarta ba ta da ɗaukaka ƙara. A ƙauyensu kuma ita ake kai wa duk wanda ƙaiƙayi ko tsakuwa ta faɗa wa a ido. Takan kwantar da mutum rigingine a cinyarta a tsakiyar rana, ta gwale idon, ta hura, in ya ƙi ta sa harshe.

"Me ye wannan? Wa ya kife mini 'ya kamar ƙwarya?"

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji Mama, muryarta ta yi ƙasa. "Likita ne ya ce..."

"Likita! Ni tun da aka haife ni ban taɓa ɗora wa kaina kaya ba, a kafaɗa nake ɗauka, don kai ba jaki ba ne. Shi kuma ya ce a zura kan mutum a rami kamar akuya a bokiti? Kawo tabarma nan inda rana take."

Na ga ƙafar Mama ta yi gaba, ta yi baya. Matar da ta kori rabin unguwa a kaina, ga ta ta tafi ɗauko tabarma.

"Gwaggo, ina kwana," na ce wa siminti.

"Kwanan ke nan. Taso, uwata. Wani abu ne ya faɗa, su ba su iya nema ba. Yanzu zan fitar miki, ki ci doya."

"Ba abin da ya faɗa, Gwaggo. Iska suka zuba a ciki."

"Iska? To ai ni ma ita zan zuba, tawa kuma kyauta ce."

Na ji wata dariya ta kufce wa Mama, ta mayar da ita tari. Ni ban yi dariya ba, domin hannun Gwaggo ya riga ya sauka a kafaɗata, hannun da ke tumɓuke doya. Ta fara juya ni a hankali kamar waina. Ban taɓa yi mata musu ba tun da na fara magana. Na rungume bencin da hannu biyu, na harɗe ƙafafuna a ƙarƙashinsa.

"Gwaggo, ki yi mini rai. In na kwanta rigingine idon zai tafi. Ba zai dawo ba. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji."

Hannun ya tsaya. Na ga yatsun ƙafarta suna motsi a kan siminti kamar masu shawara da juna. A raina na ce shi ke nan, ta yi fushi, za ta koma Garatu ta ce 'yar ƙaninta ta yi boko ta raina ta.

"Amarya," haka take kiran Mama har yau, "jawo tabarmar nan ƙarƙashin benci."

Sai na ji nishi, gwiwa ta yi ƙas, ɗayar ma ta amsa. Furfura ta fara shigowa cikin farantina, sai goshi, sai ga fuskar Gwaggo gaba ɗaya a ƙasan tawa, tana kwance rigingine, hancinmu ya kusa gaisawa. Rabona da ganin fuskar mutum a natse tun Kaduna.

"Ni dai ba a hana ni rigingine ba, ko? Buɗe."

Na buɗe. Da na dama ina ganinta sarai. Da na hagu kamar ina leƙen ta daga ƙarƙashin ruwan madatsar Tagwai.

"Kai! Ja kamar tattasai. Kina ganina da shi?"

"Inuwa kawai."

"Inuwar mai kyau ce ko mummuna?"

Dariya da kuka suka haɗe mini, hawaye ya ɗiga mata a kumatu. Ba ta goge ba.

"To, rijiyar da ke kawo ruwa ba ta mutu ba. Zauna yadda ya ce. Ba zan hura ba."

A nan ta yi mini addu'a da yarensu, ta kuma ba ni labarin akuyar wane da ta ci gyaɗar wane, duk tana kwance. Da ta gama sai fita ta gagara. Mama ta kama ƙafa ɗaya, malamar asibiti da ta zo ɗiga magani ta kama ɗaya, suka jawo ta da tabarmar, tana faɗa musu su bi a hankali, ba buhu ba ce.

Ba ta koma Garatu ba. Ta kafa kujera a bakin benci, duk wanda ya ce "ɗago mu gani" sai ta nuna masa tabarma: "Ga hanya nan, shiga." Mutum biyu kawai suka shiga.

Da muka koma Kaduna likita ya daɗe yana haska fitila. Ya ce tantanin ya kama. Ganin bai dawo duka ba, layi madaidaici yakan ɗan lanƙwashe mini, amma idon nawa ne. Ya ce in iskar ta gama bajewa zan iya kwanciya yadda na ga dama. Ta baje tuni. Ni dai har yanzu a gefe nake kwanciya, da filo a bayana don kada in mirgina.